Shaihu Umar A Fadar Ikko: Waiwaye Kan Siyasar Tafawa Ɓalewa

Wata ranar Asabar ina gyaran tsofaffin littattafai a ɗakina da ke Samaru, sai na ci karo da kwafin Shaihu Umar da na saya tun ina sakandare a wajen masu kasa littattafai a bakin kasuwar Sabon Gari. Ina buɗe shi sai ga tsohuwar takardar naira biyar ta faɗo, wadda na taɓa sa wa alamar shafi na manta. Na ɗauka na duba, sai muka yi ido biyu da mai littafin, da rawaninsa da komai. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe marubuci ya yi shekaru yana kwance cikin littafinsa ban sani ba.

Abin da ya biyo bayan dariyar shi ne tunani. Mu masu karatun ƙagaggun labarai mun san Malam Abubakar marubuci, masu nazarin siyasa kuma sun san Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko kuma na ƙarshe. Ba kasafai muke zaunar da su a tabarma ɗaya ba, alhali mutum guda ne. Ni kuwa na tashi tsakanin dattawa biyu da ba su taɓa yarda da juna a kansa ba. Na farko kawuna ne, tela a Sabon Gari, ɗan NEPU na a-mutu, wanda ya taɓa shan ɗaurin wata uku a wani gari saboda ya yi lacca ba da izini ba. Na biyu wani tsohon malamin makaranta ne a Samaru. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su.

Na taɓa tambayar kawu, na ce, "Kawu, ai an ce Tafawa Ɓalewa mutumin kirki ne." Bai ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba ya ce, "Kai yaro, mutumin kirki ne mana. Amma kirkinsa bai buɗe wa kowa ƙofar gidan yari ba." Da na kai wa malam wannan magana sai ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ka je ka ce wa kawunka ya nuna mini wanda ya riƙe ƙasar nan shekara takwas ya tafi bai bar dukiya ba, sannan mu yi magana." To, jama'a, tsakanin waɗannan maganganu biyu nake so mu bi sawun mutumin.

An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi, kuma ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, hidima yake yi wa hakimin Lere, wato Lere ta Bauchi, ba tamu ta Zazzau ba. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma gida yana koyarwa a Midil ta Bauchi. A shekarar 1933 ɗin ne Dokta R. M. East na Hukumar Talifi da ke nan Zariya ya shirya gasar nan da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da kuma Shaihu Umar. Lokacin marubucin bai wuce shekara 21 ba.

Ku tuna yadda labarin yake. 'Yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau, mijin uwar Umar, sharri aka kore shi, ya zo ya zauna a Makarfi. Uwar ta tafi ganin gida Fatika, aka sace yaron a bayanta. Duka garuruwan nan biyu a ƙasar Zazzau suke. Daga nan Umar bai sake zaɓar wa kansa hanya ba: aka kai shi Kano, aka haɗa shi da Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi. Makaminsa ɗaya ne, wato haƙuri da miƙa lamari ga Allah, kuma da shi ya zama shaihin malami. Saurayin da ya rubuta wannan ya riga ya gaya mana abin da ya ɗauka shi ne ƙolin mutunci.

Amma kada a ɗauka haƙurin nan tsoro ne. A Bauchi, wajen 1943 zuwa 1944, yana cikin taron tattaunawar da su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke tsage gaskiya a gaban Turawa da hukumar En'e. Bayan ya dawo daga karatu a Landan a 1946 ya shiga Majalisar Jihar Arewa, a 1947 kuma ya shiga majalisar dokoki ta ƙasa. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a kafa kwamiti ya binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya, ya yi magana kan cin hanci da yadda aka mai da talaka ba a bakin komai ba. Ɗan bara ne fa yake faɗar haka a zamanin da sarki yanka yake. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, kuma shi ya buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka sa dole sarki ya riƙa aiki da majalisarsa, har aka kai ga dokar En'e ta 1954.

Wani abin lura shi ne, a cikin wannan wata na Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. Cuta ɗaya abokan nan suka gani, magani ne ya raba su. Malam Aminu ya ce a tumɓuke itacen, Malam Abubakar ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya zauna a Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ya zama mataimakin shugabanta, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana shugaba. Nan ne aka ɗaura ƙullin da ya bi shi har kabari: Sardauna ya zaɓi zama Firimiya a Kaduna, ya tura mataimakinsa Ikko. Wato shugaban gwamnatin ƙasa yana da maigida a jam'iyya.

A Ikko ya riƙe Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri. A farkon shigarsa siyasa bai ɓoye shakkarsa ba kan ko Nijeriya ƙasa ɗaya ce ko kuwa Turawa ne suka haɗa ta a takarda. Tafiyar da ya yi Amurka a 1955, don ganin yadda ake sufuri a kogin Misisipi, na daga cikin abin da ya sauya masa ra'ayi: ya ga jamhuriyar da baƙi daga ko'ina suka taru suka gina, ya ce ashe mu ma za mu iya. Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi mulkin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, ƙasa ta zama jamhuriya a 1963 yana kan kujera.

A nan dole a ba malamin Samaru gaskiyarsa. A zamaninsa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Bauchi ta isa Maiduguri a 1964, a shekarar kuma aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji. Ya tura sojoji Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1961 ya yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, hamadar da Umar ya ƙetare. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Ko a rikicin zaɓen Disamba 1964, lokacin da Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiransa ya kafa gwamnati, sanyin halinsa ya taimaka aka sasanta a farkon Janairu 1965. Rannan mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romonsa.

To amma kawu ma yana da tasa gaskiyar. A shekarun nan dai 'yan doka da kotunan En'e suna ta ɗaure 'yan adawa a Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin nan tamu ta sha duka ta sha kurkuku, kuma har jamhuriyar ta faɗi matan Arewa ba su da ƙuri'a. Za a ce ai waɗannan al'amuran jiha ne, tsarin mulki bai sa su a hannun Firayim Minista ba. Haka ne. Sai dai mutumin da ya yi jawabin 1950 ya fi kowa sanin abin da ke faruwa a zaurukan alƙalai, kuma jam'iyyarsa ce ke cin moriyar abin.

Jihar Yamma ce ta fi fito da matsalar fili. A Mayu 1962, da rikici ya ɓarke tsakanin Awolowo da Akintola, gwamnatin tarayya ba ta ɓata lokaci ba ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma, kuma a 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma. Amma bayan zaɓen Oktoba 1965, wanda aka tafka maguɗi a cikinsa, aka shiga ƙona gidaje da mutane da fetur wata da watanni, sai aka ce a yi haƙuri, ƙura za ta lafa. Bambancin kuwa a fili yake: a wannan karon Akintola abokin tafiyar NPC ne. Ana cikin haka Firayim Minista ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko, a Janairu 1966, ana neman maganin rikicin Rodeshiya, ga wuta na ci a bayan gida.

Daren Juma'a wayewar garin Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, wasu manjoji suka yi juyin mulki. Aka kashe Sardauna a Kaduna, Akintola a Badun, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Shi kuwa aka ɗauke shi daga gidansa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauchi aka rufe. Babu wani kuskuren siyasa da ya halatta wannan kisa, kuma waɗanda suka yi shi ba su gyara komai ba. Da Janar Ironsi ya soke tsarin jihohi a watan Mayu, ɗalibai suka yi zanga-zanga a Zariya, abu ya rikiɗe ya zama kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da Sabon Garinmu, aka sake yin wanda ya fi shi muni a Satumba. Kawu bai cika son maganar ba. Abin da yakan ce kawai shi ne akwai maƙwabcinsa mai sayar da zare da ya raka tashar jirgi, bai sake ganinsa ba. Daga 1967 zuwa 1970 kuma sai yaƙin basasa.

Abin da na fahimta bayan na sake karanta littafin shi ne wannan. Haƙurin Umar ado ne, domin bawa ne da ba shi da iko, kuma jikinsa ne ke biyan kuɗin haƙurin. Shi kuwa shugaba, idan ya yi haƙuri da zalunci, wasu ne ke biya: tela a gidan yari, manomi a Jihar Yamma, mai sayar da zare a tasha. Tsarkin hannu wajibi ne ga mai mulki, amma bai wadatar ba, sai an haɗa da iya ce wa naka "bari". Malam Abubakar ya iya faɗar haka ga sarakuna yana ɗan majalisa mai shekara 37, ya kasa faɗa wa abokan tafiyarsa yana Firayim Minista.

Duk da haka ban iya kallon hoton nan da raini ba, musamman in na dubi yadda waɗanda suka biyo baya suka yi da baitulmali. Na mai da naira biyar ɗin inda take, na rufe littafin. Da dattawan nan biyu suna raye, da na ce wa kawu ya yi gaskiya, na ce wa malam bai yi ƙarya ba. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya yafe musu kurakuransu, mu kuma Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa waɗanda suka san ranar haƙuri da ranar magana. Amin.