Gernot Rohr da makin Mena na farko

Duk lokacin da ake muhawara a Damagaram kan kocin da ya dace da Mena, sunan Gernot Rohr nake tunawa. An haife shi a Mannheim ta Jamus a 1953, mai tsaron baya ne. Ya fara da Bayern Munich, amma a Bordeaux ta Faransa ya yi suna, daga 1977 zuwa 1989, inda ya ci kofin ƙasar sau uku. Duk da haka bai taɓa buga wa babbar tawagar Jamus wasa ba.

A 2012 aka ba shi Mena. Ya fitar da Gini, ya kai mu gasar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. Mali da Gana sun doke mu, amma mun yi canjaras da Kwango ba ci. Shi ne makinmu na farko a gasar, kuma irin aikin mai tsaron baya ne, a toshe gida kafin a nemi na waje.

Sai dai kada mu manta, ɗan gida Harouna Doula ne ya fara kai mu gasar a 2012. Tun 2013 kuwa ba mu sake zuwa ba. A ganina, koci baƙo kan gyara abin da ya tarar ne. Yaran da ke buga ƙwallo a kan rairayi a Dogo da Mirriya, su ne ya kamata a fara kashe wa kuɗi.