Eindhoven: Garin da Kamfani Ya Gina, Hukuma Ta Riƙe

A watan Fabrairun 1993 kamfanin DAF mai ƙera manyan motoci ya karye a Eindhoven, wani birni a kudancin ƙasar Holan, ba nisa da iyakar Beljiyam. Karayar ta zo daidai lokacin da Philips, kamfanin da garin ya shekara ɗari yana ci a ƙarƙashinsa, yake sallamar ma'aikata dubu-dubu a shirin tsuke bakin aljihu da shugabansa Jan Timmer ya fara a 1990. Cikin 'yan shekaru yankin ya rasa ayyuka fiye da 30,000. Yau a wannan yankin ne ake ƙera injinan da ke buga ƙwaƙwalwar wayoyi da kwamfutoci mafi inganci a duniya, kuma masu tsara birane na zuwa daga ko'ina don su ga yadda jami'a da kamfanoni da hukuma suka haɗa kai. Labarin da aka fi ba su shi ne na abokan tafiya uku masu ƙarfi ɗaya. Tarihin garin bai goyi bayan wannan ba. Kamfani ne ya tara ilimin da aka sake gina garin da shi, jami'a daga baya ta zo, hukumar gari kuwa ita ce ta hana ilimin watsewa, domin a cikin ukun ita kaɗai ce duk abin da ta mallaka yake kafe a wuri ɗaya. Kamfani na iya kwashe kayansa, ɗaliban jami'a na iya karɓar takardunsu su yi gaba, amma gari ba ya ƙaura.

Lokacin da Gerard Philips da mahaifinsa Frederik suka sayi wata tsohuwar masana'anta a 1891 suka fara yin ƙwan lantarki, Eindhoven ƙaramin gari ne na masu naɗa sigari da masu saƙa, a yankin Brabant mai ƙasa rairayi da talakawa manoma. Arahar lebura na cikin abin da ya jawo su. Ƙanen Gerard, Anton, ya shigo a 1895 ya riƙe harkar sayarwa, daga nan kamfanin ya fi ƙarfin garin. A 1920 aka haɗe Eindhoven da ƙauyuka biyar da ke kewaye da ita, Woensel da Strijp da Stratum da Gestel da Tongelre, saboda masana'antu sun riga sun tsallake iyaka. Abubuwa da yawa da hukuma ya kamata ta yi, kamfanin ne ya yi su: unguwar ma'aikata ta Philipsdorp daga 1910, ƙungiyar wasanni ta PSV a 1913, shagunan sayayya, asibitin ma'aikata, da asusun biya wa 'ya'yansu kuɗin karatu. Unguwar masana'antu ta Strijp-S, mai faɗin kadada 27, an kewaye ta an sa ƙofa, ba mai shiga sai da katin aiki, har mutanen garin suka riƙa kiranta haramtaccen birni. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma a Eindhoven ta wancan zamani kowa ya san wane ne mai ɗakin.

Abu mafi daraja da kamfanin ya gina shi ne ɗakin bincikensa, NatLab, wanda aka buɗe a 1914 a hannun masanin kimiyyar fiziks Gilles Holst. Holst ya bar masana su bi tambayoyinsu ko da ba a ga ribarsu nan kusa ba, ya kuma zaunar da su kusa da masu aikin hannu. Daga wannan kamfani rediyon Philips ya fito, kaset ya biyo baya a 1963, sannan faifan sidi da aka ƙirƙira tare da Sony aka fitar a 1982. Duk wanda ya taɓa sauraren wa'azi ko waƙa a kaset a Kano ko Damagaram ya ci moriyar aikin kamfanin. Sai dai abin da ya fi waɗannan kaya amfani ga garin shi ne mutanen da aka horar: masu gogar gilashi, masu ƙera ƙarfe daidai wa daida har abin da ido ba ya gani, injiniyoyin da suka iya haɗa haske da lantarki da inji a na'ura ɗaya. Shekara arba'in da biyu ana wannan aiki kafin a kafa babbar makarantar fasaha a garin a 1956, ta biyu a ƙasar bayan ta Delft, wadda ta samu sunan jami'a a 1986. Masu masana'antu na cikin waɗanda suka matsa aka kafa ta, don suna buƙatar injiniyoyi, kuma masanan Philips da dama sun koyar a cikinta. Saboda haka wanda ya ce jami'a ce ta haifi masana'antun Eindhoven ya juya tarihi. Wannan bai rage darajarta ba, domin ita ce ta fitar da ilimin daga bayan katangar kamfani ta mai da shi abin da ɗan kowa zai iya zuwa ya koya.

Da rikicin 1993 ya auku, babu abin da ya tilasta wa waɗannan ƙwararru su zauna. Mutumin da ya fara tara jama'a shi ne magajin gari Rein Welschen, wanda ya hau kujera a 1992 ya sauka a 2003. Ya jawo shugaban hukumar gudanarwar jami'a, Henk de Wilt, da shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu, Theo Hurks. Aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan ƙananan hukumomin yankin, kowacce da majalisarta da kishinta, su zuba kuɗi a asusu ɗaya gwargwadon yawan mutanensu, ba tare da alkawarin cewa abin da ƙauye ya zuba a ƙauyen za a kashe shi ba. Da wannan asusu aka jawo tallafin Tarayyar Turai a shirin Stimulus, aka taimaka wa ƙananan masana'antun da a da ba su da mai sayen kayansu sai Philips da DAF su nemi wasu kasuwanni. A 2005 aka mai da wannan haɗin gwiwa gidauniya mai suna Brainport, inda hukuma da kamfanoni da makarantu ke da kujeru, magajin gari kuma yake shugabanta.

Gwaji na biyu ya zo a 1997, lokacin da shugaban Philips Cor Boonstra ya sanar cewa hedkwatar kamfanin za ta koma Amsterdam. Abin ya yi wa mutanen garin ciwo ƙwarai, amma bincike bai bi hedkwata ba. A 1998 kamfanin ya tattara masu bincikensa a harabar da ke kudancin gari, a 2003 kuma ya buɗe ta ga wasu kamfanoni. A wannan haraba, High Tech Campus, an tattara wuraren cin abinci a layi ɗaya a tsakiya da gangan, domin injiniyan wannan kamfani ya haɗu da na wancan. Yanzu kamfanoni fiye da 200 ke aiki a ciki. Gine-ginen da Philips ya bari ma ba a rushe su duka ba. Makarantar koyon zane da fasalin kaya ta tare a tsohuwar masana'antar Witte Dame a 1997, kuma a farkon shekarun 2000 hukuma ta haɗa hannu da kamfanin gine-gine na VolkerWessels suka karɓi Strijp-S, wadda a yau gidaje ne da shaguna da ɗakunan masu sana'a.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne, sa'a ce kawai ta kawo ASML. Hujjarsu tana da ƙarfi. An kafa ASML a 1984, haɗin gwiwar Philips da ASM International, a wata rumfa kusa da ginin Philips, tun kafin Welschen da asusunsa, kuma ba majalisar gari ce ta sa ya zama kamfani ɗaya tilo a duniya da ke ƙera injinan buga ƙwaƙwalwar kwamfuta da hasken da ake kira EUV ba. Gaskiya ne. Amma ASML ba ya ƙera yawancin sassan injinansa da kansa. Madubai daga Zeiss na Jamus suke zuwa, sassa masu yawa kuma daga ɗaruruwan masana'antun yankin, irin su VDL wanda ya sayi wani sashen ƙere-ƙere na Philips a 2006. Waɗannan su ne irin masana'antun da suka shiga haɗari a 1993. Da sun rufe, ƙwararrunsu sun watse, da ASML ya girma a wurin da babu hannayen da za su ɗauke shi. Hukuma ba ta ƙirƙiri komai ba, ta dai riƙe masu ƙirƙira a wuri ɗaya har sa'ar ta iso ta same su.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta da cikakkiyar amsa. Garin da ya sha wuya saboda dogaro da kamfani ɗaya yana neman komawa gidan jiya. A watan Maris na 2024 gwamnatin Holan da hukumomin yankin suka ware kimanin Yuro biliyan 2.5, a shirin da aka sa wa suna Beethoven, don gidaje da hanyoyi da ilimi da wutar lantarki, bayan shugabannin ASML sun nuna cewa za su iya faɗaɗa aikinsu a wata ƙasa. Gidaje sun yi tsada, kuma mai aikin shara ko jinya a Woensel bai ga rabonsa daidai da na injiniyan da ya zo daga waje ba. A teburin Brainport kamfanoni na da kujera, jami'a na da kujera, masu haya da ƙananan ma'aikata kuwa ba su da wakili sai zaɓaɓɓun hukuma. Bambanci da zamanin Philips shi ne a da kamfani ke gina gidajen ya kuma yanke wa zai shiga, yanzu kuwa da kuɗin jama'a ake ginawa, kuma majalisar da mutane suka zaɓa ce ke amincewa da inda za a gina da yawan gidajen da za a ware wa masu ƙaramin ƙarfi. Ana sa ran ASML zai ƙara ma'aikata kusan 20,000 a sabon wurinsa kusa da filin jirgin saman garin, kuma majalisar birnin ta riga ta amince da shirin tun a 2024, alhali yawancin gidajen da mutanen za su zauna a ciki ba a gina su ba tukuna.