Ƙotar Bindiga a Ƙasar Burumburum

Littafin Tarihin Kano ya nuna Burumburum ta san ƙarar bindiga tun da daɗewa. An ce a zamanin Sarkin Kano Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe. Babba Zaki kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa, shi ne kuma ya kai wa Burumburum yaƙi ya ci ta. A garin nan ne har wa yau Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe na Kano, ya fake bayan an kore shi daga birni, jama'ar jihadi suka kewaye shi, aka kashe shi a 1807. Amma a yaƙoƙin nan duka baka da doki suka fi aiki. Bindiga kayan fada ce, tsoron da take bayarwa ya fi ɓarnarta.

Dalili kuwa yana ga irin bindigar. Waɗanda ke isowa Hausa na fatauci ne, ana ƙera yawancinsu a Birmingham ta Ingila don a sayar a bakin teku. Turawa na kiransu da sunan mutanen Denmark, waɗanda suka yi cinikinsu a gaɓar ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Dogaye ne, wata ta kusa kai tsawon mutum, ana ɗura musu albarushi ta baki, ƙanƙara ke ba su wuta. Ƙarfensu ba shi da aminci, yakan fashe. Ƙotarsu kuma an sassaƙa ta ne kai ɗaya, ba a auna kafaɗar kowa ba, an shafe ta da jan fenti don ta ja idon mai saye. Saboda haka da yawan 'yan bindiga ba su yarda su kai ta kusa da fuska, sai su miƙa hannu, su kau da kai, su harba. Wanda ya harba haka, sai Allah ya nufa zai sami abin da ya auna.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka hana a sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, aka bar musu masu ƙanƙara kaɗai. An ga sakamakon haka a Bebeji a 1903, sa'ad da Kanar Morland ya taso daga Zariya. Mutanen gari suka rufe ƙofa, igwa ta fasa ta, Sarkin Bebeji ya mutu a wurin. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi.

Da yaƙi ya ƙare, harin Ningawa da ya dami kudancin Kano tun zamanin Abdullahi Maje Karofi ya tsaya, sai bindiga ta bar hannun dakaru ta koma ga maharba. A nan ne maganar ƙota ta zama babba. Soja cikin taro yana iya kuskure, na kusa da shi ya samu. Maharbi kuwa da ya shiga dajin da ke kudu da Tudun Wada harbi ɗaya gare shi, don kafin ya sake ɗuri ɓauna ta iso. In ƙota ta yi masa tsawo, sai ta sarƙe a hammatar riga lokacin ɗagawa. In ta yi gajarta, babban yatsansa ya daki hancinsa, bindiga ta shure shi a kafaɗa. In bayanta ya yi tudu da yawa, ido ya hau sama, harsashi ya bi ta kan nama. In ya yi kwari, ƙarfe ya tare masa gani.

To, sai aikin ya rabu biyu. Maƙeri ke da ƙarfe da kunama, masassaƙi ke da itace. Maharbi yakan zo da kansa, a sa gindin ƙota a gwiwar hannunsa, a duba ko yatsansa ya kai kunama ba tare da miƙewa ba. Wannan awo ne na kusa-kusa, gwanin masassaƙi ba ya tsayawa a kansa. Sai ya sa mutum ya rufe ido ya ɗaga bindiga kamar ya ga nama, sa'an nan ya buɗe. Inda idonsa ya faɗa, nan ake gane abin da za a rage. A ɗauki gizago a sassabe kaɗan, a sake gwadawa, don itacen da aka cire ba ya komawa. Wadda ta yi gajarta akan ƙara mata guntun itace ko fata a gindi.

Itacen ma ba kowane ba. Ana son wanda ya bushe sarai, don ɗanye yana murɗewa ya saki ƙarfe. Ƙirya tana da ƙarfi amma nauyinta na gajiyar da mai yini a daji, maɗaci ya fi ta daɗin sassaƙa. Wajibi ne jijiyar itacen ta bi tsawon wuyan ƙota, watau wurin da hannu ke kamawa, gama nan take karyewa. In ta tsage, akan naɗe ta da ɗanyar fata, ta bushe ta matse ta kamar ƙarfe. Layun da ake ɗaurawa a kai wata magana ce dabam, masassaƙi ba ruwansa da su. Har yau ana kiran bindigar gida adaka, ko baushe, sunan da take tarayya da wani itacen daji, ko kuma harba-ka-ruga, sunan da ya faɗi halinta sarai.

A ƙarshen shekarun 1940 aka keɓe dajin Kogin Kano, daga baya ya zama gandun namun daji na Falgore, aka hana farauta a cikinsa. Dokar bindigogi ta 1959 kuma ta sa sai da lasin ake riƙe bindiga, ƙera ta ma sai da izini. Masu hali suka koma ga ta kanti mai baki biyu, wadda ake karya ta a sa harsashi ta baya. Ita ma da awon Bature take zuwa, mai kwat da doguwar kafaɗa, sau da yawa sai ta biya ta rumfar masassaƙi a rage mata gindi kafin ta shiga daji.