Gurɓacewar jini: masassarar da ke ɓuya a bayan palu

A Damagaram, daga Birni har Zengo, da zarar jiki ya yi zafi da damina sai a ce palu ne. Galibi haka ɗin ne. Sai dai akwai larurar da likitoci ke kira septisemi ko sepsis, mai soma wa mutum da kamannin palu. Ƙwayar cuta ce ke kama huhu, mafitsara, hanji ko wani miki, jiki ya tashi yaƙarta fiye da kima, har ya shiga lalata ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa. Alƙaluman hukumar OMS sun nuna mutum miliyon 11 ta kashe a duniya a 2017.

Ga babba, alamu uku ake fara dubawa: numfashi sau 22 ko fiye a minti guda, awon hawan jini na sama ya sauka zuwa 10 ko ƙasa, da ruɗewa ko yawan barci. In biyu suka haɗu, ba a jiran gobe. Zafin jiki kuwa yana yaudara, domin wani sanyi ƙalau jikinsa ke yi, ƙasa da digiri 36, fitsari ya ragu.

Jinjiri ya fi ban tsoro: ya ƙi nono, ya yi laƙwas, yana numfashi sau 60 ko fiye a minti, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Haka mai jegon da ke masassara da fitar ruwa mai wari. Sanƙarau ma na kai wa ga haka, irin wanda ya ɓarke a jihar Damagaram a Nuwamban 2022.

Babu gwaji guda da ke yanke hukunci. Awon TDR na palu kawai yake nunawa, kuma yaro na iya ɗauke da palu da ƙwayar bakteriya a lokaci guda. Nan ne iyaye da yawa ke sakin jiki. A babban asibitin ƙasa na Zinder, likita kan nemi NFS, ya ga ko fararen ƙwayoyin jini sun haura 12,000 ko sun gaza 4,000, da CRP, da awon aikin ƙoda. Renon jini a kwalba, wato emokiltir, shi ke faɗin sunan ƙwayar, amma yakan ci kwana biyu ko fiye. Shi ya sa ake ɗibar jinin, a soma allurar antibiyotik da ƙarin ruwa nan take.

Wanda ya riga ya sha ƙwayoyin masu tallar magani ya gaya wa likita, don suna iya hana ƙwayar fitowa a gwajin.