Me Ya Sa Filogin Abin Saurare Wani Ya Fi Wani Kauri?



Waɗanda suka halarci taronmu na bara za su tuna kunyar da na sha. Tsohon malaminmu na kimiyya bai samu zuwa ba saboda rashin lafiya, sai ya aiko mini da saƙon murya a waya, aka ɗora mini alhakin sa shi a lasifika. Da na je haɗawa, sai na tarar ramin na'urar ƙara sauti ta zauren ya yi wa filogina yawa. Dole muka kara wayar a bakin makirufo, rabin jawabin malam ya ɓace. Tun da shi ne ya koya mana kada mu wuce abu ba mu tambayi dalilinsa ba, sai na shiga bincike. Ga abin da na samo.

Babban filogin, mai kaurin milimita 6.35, wato rubu'in inci, shi ne kakan sauran, kuma ba don kiɗa aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1878 aka buɗe ofishin haɗa layukan tarho na kasuwanci na farko a garin New Haven na ƙasar Amurka. Ba da jimawa ba irin waɗannan ofisoshi suka koma amfani da alluna masu ramuka birjik. In mutum ya buga, ma'aikaciya ce za ta ɗauki igiya mai filogi ta cusa a ramin wanda ake nema. Abin da ake cusawa ana zarewa yini guda, tilas ya cika hannu, ya kuma jure wahala. Wannan ƙarko ne ya sa gidajen rediyo da makaɗa suka karɓe shi, har yau kuma shi ne a jikin jita da manyan na'urorin sauti irin ta zaurenmu.

Sai zamani ya juya. A 1947 aka ƙirƙiro transisto, a 1954 kuma rediyon aljihu ya shiga kasuwa. Akwatin da zai shiga aljihu ba shi da wurin babban rami, don haka aka rage filogin zuwa milimita 3.5. Wanda ya yaɗa shi duniya shi ne Walkman, ɗan rikodan kaset da kamfanin Sony na Japan ya fitar a 1979. Daga baya wayoyin hannu suka zo da na milimita 2.5, amma bai yi farin jini ba, domin jama'a sun riga sun mallaki na 3.5.

Ba kauri kaɗai ne bambancin ba. Ku dubi baƙaƙen zobban da ke jikin filogi. Zobe ɗaya, sauti ɗaya ne; biyu, kunnen hagu da na dama kowanne da nasa; uku, an ƙara hanyar makirufo. A kan masu zobba uku ma kamfanoni sun rabu gida biyu wajen jera wayoyin ciki, shi ya sa wani abin sauraren yakan ƙi aiki sosai a wayar da ba tasa ba. A 2016 Apple ya cire ramin gaba ɗaya daga iPhone 7, wasu kamfanoni suka bi sahu.

Ashe kowane filogi an auna shi ne da bukatar zamaninsa: na farko da hannun ma'aikaciyar tarho, na biyu da aljihun riga. Sabo bai kori tsoho ba, domin ba wanda zai zubar da na'urar da ke aiki don an yi sabuwa. Abin da ya ɓace mana ran nan ɗan ƙaramin adafta ne mai haɗa su. Na riga na sayi biyu na ajiye a jakar ofis.

Allah Ya ba malam lafiya, Ya sa a taro mai zuwa mu ji muryarsa daga bakinsa. Amin.