Yadda Siyatil Ta Yi Saki-na-Dafe, Atlanta Ta Tsinci Dami a Kala

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai gaskiyar wannan magana, ta hanyar tarihin birane biyu na ƙasar Amurka da suka nemi kuɗin gwamnatin tarayya domin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

Da farko ya kamata mu san ƙa'idar neman. A 1956 aka yi dokar manyan hanyoyin mota, inda tarayya ta ɗauki nauyin kashi 90 cikin 100 na kuɗin aiki. A 1962 aka gindaya sharaɗi cewa duk birnin da mutanensa suka haura 50,000, dole ya zauna da garuruwan kewayensa su yi tsari guda kafin a ba shi ko sisi. Sannan a 1964 Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar sufurin birane, wadda ta yarda tarayya ta biya har kashi biyu cikin uku. To amma fa sai birni ya fara nuna inda zai samo nasa kason.

Nan ne gizo ya yi saƙa. A 1968 aka nemi mutanen Siyatil su yarda a ci bashin dala miliyan 385 a matsayin nasu kason. Fiye da rabinsu kaɗan suka amince, alhali doka tana bukatar kashi 60. Aka sake gwadawa a 1970, lokacin da kamfanin Boeing ke sallamar dubban ma'aikata, masu goyon baya suka ragu zuwa kashi 46. Ta haka kusan dala miliyan 900 da Sanata Warren Magnuson ya nemo musu suka suɓuce.

Ita ma Atlanta mutanenta sun ƙi a 1968, domin harajin gidaje aka ce za a ƙara. Amma shugabanninta ba su yi zuciya ba. Suka sake shiri, suka koma ga harajin kashi 1 cikin 100 a kan saye da sayarwa, suka kuma yi alkawarin rage kuɗin bas daga senti 40 zuwa 15, don talaka ya ga nasa amfanin tun kafin a kafa dogo. A 1971 gundumomin Fulton da DeKalb suka amince, ko da yake Clayton da Gwinnett sun noƙe. Kuɗin tarayya suka karkata can, hukumar MARTA ta kama aiki, jirgin farko ya tashi a 1979. Siyatil kuwa sai a 2009 ta buɗe layin jirginta na cikin gari, wato shekara 30 bayan haka.

A ganina, bai kamata mu yi saurin zargin mutanen Siyatil ba, gama wanda aka sallama daga aiki ba ya sha'awar sabon haraji. Abin lura shi ne, Atlanta ta tambayi kanta dalilin da ya sa jama'a suka ƙi, ta gyara. Tarayya ba ta duba wanda ya fi bukata kaɗai. Tana duba wanda ya haɗa kan maƙwabtansa, ya kuma zo da nasa a hannu. Nan zan dasa aya.