Yadda Aka Fitar da Hakimai Daga Birnin Kano

Da yawanmu idan muka tashi rubuta labarin zamanin da, sai mu ajiye hakimi a ƙauye, ga fadarsa ga dagatai sun kewaye shi, kamar haka abin yake tun fil azal. Alhali a ƙasar Kano wannan tsari bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba.

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, yawancin hakimai a cikin birni suke zaune, kusa da Sarki. Garuruwan da hakimi yake riƙe da su ba a haɗe suke ba: wannan a gabas, wancan a yamma, a tsakaninsu garuruwan wani ne. Jakada shi ke zuwa ya karɓo kuɗin ƙasa da kuɗin rafi da kuɗin karofi, ya ɗebi nasa, ya kawo wa ubangidansa saura. Talaka zai iya tsufa bai taɓa ganin hakiminsa ba, jakada kawai ya sani. Sarakunan Rano da Gaya da Dutse da Ƙaraye su ne dama can suke zaune a garuruwansu.

Wannan bai yi wa Turawa ba, domin ba su san wanda za su kama ba idan kuɗi bai cika ba. A zamanin Sarki Abbas, wajen 1907 zuwa 1908, Razdan Cargill ya tattara ƙauyukan da ke maƙwabtaka ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, har Kanawa suka laƙaba masa Mai Gunduma. Aka kawar da jakadu, aka ce kowane hakimi ya koma ƙasarsa ya zauna. Mu da muke jin Madaki mu tuna Dawakin Tofa, Makama mu tuna Wudil, Sarkin Bai mu tuna Dambatta, gadon wannan tsari muke gani. Ga mutumin da ya saba da zaman fada kullum, wannan fita ba ta da maraba da kora.

Babban aikin hakimi daga nan shi ne sanin yawan mutanensa. Mai unguwa ya lissafa magidanta da baligai, dagaci ya haɗa, malamin hakimi ya rubuta. Makiyaya kuma a ƙirga shanu saboda jangali. A wasu gundumomin har malaman taki aka tura suna auna gonaki da takun ƙafa.

To a nan ne ya kamata mu yi hattara da alƙaluman da muke tsinta a tsofaffin takardu. Ƙidayar ba ta neman sani ba ce, ta haraji ce. Uba yakan ce ɗansa bai isa ba ko da gemu ya fara tsiro masa. Bafulatani ya kora garkensa ya tsallaka iyakar gunduma kafin masu ƙirga su iso. Shi kansa dagaci yana da dalilin rage suna, tunda abin da bai shiga littafi ba ba za a tambaye shi ba. Amma idan mutanensa suka yi ƙaura da yawa, rawaninsa na cikin haɗari. Ƙidayar 1921 da ta 1931 a Arewa sun dogara ƙwarai da waɗannan littattafan haraji. Sai a 1952 aka yi ƙoƙarin bin mutane gida-gida. Zuwa 1963 lissafi ya juya, domin kujerun majalisa da rabon kuɗi sun rataya ga yawan jama'a, garin da jiya yake ɓoye mutane yau shi ke neman ƙari.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulki daga hannun En'e ya ba shugabannin ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji a jihar Kano, littafin da aka fitar da hakimi daga birni dominsa ya daina aiki. Abin da ya rage a hannunsa shi ne sulhu, da shaidar gona da gado, da sanin baƙon da ya sauka a gari.